Badujala a Kan Taya

Maigidana ya yi kusan shekara talatin yana shugabantar 'yan badujala a wata makarantar maza da ke unguwar Tandabawi a Makka, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa haɗuwa da wanda ya ji su suna kiɗa ba. Ni ma ban ji ba, alhali ni ce mai wanke masa kakin. Ƙungiya tana nan, da yaranta, da hulunansu, da ranakun atisayenta, Litinin da Laraba bayan an tashi daga karatu. Shi ma yana nan da usur rataye a wuya. Sauti ne kawai babu.

Bari in faɗi yadda aka yi, kada a ce mahaukaci na aura. A Makka aka haife shi, kamar yadda aka haife ni. Kakanninmu ne suka zo aikin hajji daga ƙasar Kano, suka ga wuri suka zauna. Yana yaro wannan makarantar ya yi. A lokacin 'yan sikawut, waɗanda a nan ake kira kashshafa, suna da ganguna da bigiloli, kuma su ke kaɗa wa ɗalibai kowace safiya idan an yi layi. Shi ne mai ƙaramar ganga a sahun gaba, kuma bai taɓa warkewa daga son kiɗan ba. Ya je ya yi karatun malanta, ya dawo makarantar a matsayin malamin motsa jiki, aka danƙa masa ƙungiyar. A wannan shekarar ce magana ta sauko daga sama cewa kayan kiɗa ba su dace da makaranta ba. Aka tattara ganguna da bigiloli aka jibge a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala, aka garƙama kwaɗo. Sai dai wanda ya hana kiɗan bai tuna ya soke ƙungiyar ba. Kowace shekara sai a ce masa, "Ustaz, zaɓi yaranka," shi kuma ya zaɓa.

Da wani ne ya samu haka, da ya gode Allah, ya tara yaran a inuwa su sha hira har lokaci ya cika. Ban da shi. Jera su yake yi sahu-sahu, ya ba kowa sanduna biyu, su yi ta zagaya fili suna dukan iska. Masu bigila kuma su dunƙule hannu a baki suna kumbura kumatu. Shi yana gaba yana gyara musu kuskure. Na taɓa tambayarsa ta yaya ake gane kuskure a kiɗan da ba a ji. Ya dube ni da tausayi, ya ce, "Ai ana gani."

Wannan hanin ne ma ya sa aka ba shi ni. Babana mai sayar da carbi da dadduma ne a kusa da Harami. Bai taɓa taka Kano ba, amma ra'ayin mutanen da game da makaɗa ya riƙe shi gam, kamar jiya ya baro gida. Da aka zo neman aurena, wani mai son alheri ya je ya raɗa masa cewa yaron nan fa shugaban makaɗa ne. Baba ya tura ƙanensa ya binciko. Baffa ya je ranar atisaye ya jingina da katangar makarantar tun daga azahar har la'asar, ya dawo ya ce, "Yaya, ƙazafi ake yi wa yaron nan. Wallahi ko tari ban ji ba." Aka sa rana.

Maganar taya kuwa yayana ne ya jawo ta. Direban bas ne a tashar Kudai, mutum mai son ba da shawara kan abin da ba a tambaye shi ba. Wata Juma'a ya zo cin abinci, Malam yana ta ƙorafi cewa iska ba ta dawo wa mutum da sanda, kuma hannun da bai taɓa jin sanda ta dawo masa ba, ba hannun makaɗi ba ne. Yaya ya haɗiye loma, ya ce, "To, taya fa? Ga su can jibge a bayan gareji, har roƙo ake a zo a kwashe." Na ga idon Malam ya yi wani haske da ban gani ba ko ranar da na tare. Kafin mako ya zagayo, tsofaffin tayoyin bas sun yi layi a bayan ajujuwa.

Shugaban makarantar na lokacin ya fito ya zagaya su, ya ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa, ya yi dogon nazari. Sannan ya yanke hukunci cewa taya ba kayan kiɗa ba ce, taya ce. Duk shugabannin da suka biyo baya a kan wannan fatawar suka zauna.

Wanda bai taɓa dukan tayar bas ba bai san halinta ba. Ba ta amsa lallashi. Sai ka ɗaga kafaɗa ka zabga mata da gaske kafin ta dawo maka da sanda, kuma duk wahalar nan abin da za ta saka maka da shi wani ƙif-ƙif ne a shaƙe, wanda ba ya ko tsallake katanga. Yaran Malam sai suka zama abin kwatance a unguwa wajen ƙarfin damtse. Yaro siriri kamar tsinke, amma in ya miƙo maka hannu ku gaisa sai ka tuna da shi har dare. Iyaye sun ɗauka wani sabon salon motsa jiki ne, kuma ba wanda ya gyara musu.

Daga nan sunan ya fito: Malamin Taya. A gidan biki mata kan matso kusa da ni da murmushi. "Ya Malam? Ya tayoyi?" Wata ta taɓa tambayata, da gaske ba da wasa ba, ko yana yin faci, don motar mijinta ta yi faci a ƙofar gida. Ina dariya tare da su, amma abin yana yi mini ciwo, kuma idan na dawo gida a kansa nake saukewa. Mazan ƙawayena wani yana da shago, wani yana ofis, wani ma ba ya komai amma a fili yake ba ya komai. Nawa kuwa ya dawo da zufa sharkaf da baƙin roba a hannun riga, ya zauna cin abinci yana kaɗa yatsu a gefen tire, ya ce mini yau sahun baya sun yi kyau.

Wata rana na gaji, na ajiye ludayi na fuskance shi.

"Malam, don girman Allah, wa ya aike ka? Wa zai tuhume ka in ka bari?"

"Ba kowa."

"To, me kake wahalar wa?"

"In ranar ta zo, a tarar da su a shirye."

"Wace rana?"

"Ranar da za a buɗe ɗakin."

Na ce masa yaran da ya fara da su yanzu wasunsu sun aurar da 'ya'ya. Ya ce ya sani, shi ya sa yake ɗaukar sababbi. Ban sake tayar da maganar ba, don na gane ba gardama yake yi da ni ba. Jira yake yi, kuma abin da yake so a duniya bai wuce ya tsaya gaban yaransa sau ɗaya a ji su ba.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba, ko da ina cikin fushi. Ba ka fita da mutumin nan a Makka ba ka ci karo da tsohon ɗan taya ba, kuma ba da baki suke gaishe shi ba. Mu tsaya sayen burodi, mai tanda ya ɗago ya gan shi, ya karkaɗe gari daga hannu ya hau buga kanta da yatsu, tun daga farkon kiɗan maci har inda ake juyawa. Direban tasi ya yi a kan sitiyari. Wani ɗan sanda ya taɓa tsayar da mu a hanyar Jidda, ya leƙo ya ga Malam, sai ya miƙe ya buga a rufin motarmu da tafukansa biyu, ya ce, "Tafaddal, ya Ustaz," wato mu wuce. Na juya in ga ko Malam ya ji daɗi. Muka yi tafiya mai ɗan nisa kafin ya ce, "Hannun hagunsa har yau bai gyaru ba."

Lokacin aikin hajji kuma akan tura shi da manyan yaran su taya nuna wa alhazan da suka ɓata hanya tsakanin Muzdalifa da Mina. A nan Hausarsa ke amfani, don tsofaffin da suka rabu da ayarinsu in suka ji "Baba, ina za ka?" sai su riƙe masa hannu kamar sun ga ɗansu. Takardun yabon da ke rataye a falonmu duk na wannan aikin ne. Babu ko ɗaya da ta ambaci badujala.

Sai zamani ya juya. Kiɗan da a da sai a ɓoye ake maganarsa, sai ga shi a talabijin, ana tallarsa da rana tsaka. Malam ya sa farar riga ya je wajen shugaban makaranta, aka ce masa insha Allah. Aka canza shugaba, ya sake sa farar riga, aka sake ce masa insha Allah. Ba wanda ya ce a'a. Kowa dai ba ya so a ce a zamaninsa aka fara. Gashin Malam ya yi fari, gwiwarsa ta fara ƙara in zai tashi daga sujada, takardar ritayarsa ta iso.

A shekararsa ta ƙarshe aka kawo sabon shugaba, matashi sa'ar ɗanmu na fari, wanda bai ma san akwai ɗaki a ƙarƙashin matakala ba. Wata Alhamis Malam ya dawo gida, ya zauna a kujerar bakin ƙofa bai cire takalmi ba.

"An ce a buɗe," in ji shi.

"A buɗe me?"

"Ɗakin."

Na zauna ni ma. Ya ce mudir, wato shugaban, yana so 'yan badujala su yi maci da ganguna na gaske a haflar ƙarshen shekara, wato bikin rufe karatu, gaban iyaye, Alhamis mai zuwa. Sai dai akwai sharaɗi. Jarrabawa ake yi, mamnu' ne, wato an hana yin ƙara a makaranta har a gama, kuma ranar Laraba za a gama. Ma'ana, bugun farko da yaran nan za su yi wa ganga a rayuwarsu a gaban jama'a za su yi shi. Bayan haflar kuma Malam ya gama aiki, babu wata Litinin da zai gyara abin da ya ɓaci.

Makullin ɗakin ba a same shi ba. Mai gadin da aka ba ajiya ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa, bai bar wasiyya a kai ba. Aka kira kafinta ya ɓalle kwaɗon. Yaya ya aro a-kori-kura, suka kwaso gangunan suka kawo mini falo, da ƙura da yanar gizo da wani wari na tsohuwar fata da ya kwana uku a labulena. Malam ya durƙusa yana juya su ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga wata ƙarama mai jan baki. Ya ɗora ta a cinya ya daɗe yana kallo. Ban tambaya ba, na san tasa ce.

Sannan ya danna fatar da babban yatsa, a hankali. Ta yi wani ɗan ƙaras-ƙaras kamar ɓawon albasa. Fatar da ta shekara talatin a rufe cikin zafin Makka ba sai an yi wa mutum bayani ba. Ya bi sauran, duk haka.

Washegari ya bazama neman sabuwar fata. Mai shagon kayan kiɗa a Jidda ya ce irin wannan girman an daina kawowa tun yana yaro. Wani majemi da aka kwatanta masa ya ce zai iya, amma a ba shi wata guda da 'yan kai. A garin da ake yanka raguna ba adadi kowace shekara, mutum ya nemi fatar ganga ya rasa. Ya dawo ya karɓe mini kwalbar man zaitun da ƙyallen goge kwanuka, ya zauna yana shafa wa gangunan mai kamar mai jinyar jarirai. Na ce man shanu ya fi shiga fata. Ya ce kada in koya masa aikinsa. Da yamma na ga kwalbar man shanun ta ragu.

Maganar bigila ya yanke ta da wuri. Ya ce ba a koyon busa a mako guda, in aka bar su za su yi kukan awaki a gaban iyayensu. Za su goge bigilolin su yi ƙyalli, su riƙe a kugu, su yi maci. Yaran ba su damu ba, sun saba.

Saura masu ganga, kuma a nan matsalar take. Hannun da ya girma a kan tayar bas, in ya sauka a kan wannan fatar, an gama. Dole a cikin kwanakin da suka rage ya kwance musu abin da ya shekara yana ɗaurawa. Ranar Lahadi na shiga kicin na tarar ba roba ko ɗaya, ba bokiti, har babban kwanon da nake kwaɓin fanke ya tafi makaranta. Abin da ya yi shi ne, ya shimfiɗa takardar jarida a bakin kowane kwano ya ɗaure da zare, ya ce su kaɗa, wanda ya huda takarda ya sake. Ranar farko jaridun da ya tara daga maƙwabta duk suka ƙare kafin la'asar. Ya yi ta fama da su, "Shuwayya-shuwayya, a hankali, ba gaba kuke yi da ita ba." Zuwa Laraba ya dawo da kwanonina da takardunsu lafiya lau, ya nuna mini kamar ya ci kofi.

Na tambaye shi, "Za su riƙe?"

Ya ce, "In sun taɓa yadda suka taɓa yau, za su kai mu mu zagaya filin. Zagaye ɗaya nake nema."

Ba a gayyatar mata cikin makarantar maza, amma ina da ƙawa da gidansu ke kallon filin, bene mai tsawo. Da hantsi na hau samansa da ita da wasu maƙwabta, cikinsu har da mai tambayar faci. Daga can ana ganin komai. An kafa rumfa, iyaye sun cika kujeru, na hango Yaya a sahun gaba inda ba a ajiye shi ba. Abin da ban zata ba shi ne mutanen da suka jeru a jikin katanga. Labari ya zaga gari cewa an buɗe ɗakin. Ga mai burodi da gari a gaban rigarsa, ga direbobi, ga masu furfura da tumbi, sun bar wuraren aikinsu sun zo sun tsaya a rana.

Malam ya roƙa a bar gangunan a inuwa har lokacinsu ya yi. Mudir ya ce a'a, kayan tarihi ne, a jera su gaban rumfa kowa ya gani. Aka jera su a tsakiyar rana. Aka yi karatun Alƙur'ani. Mudir ya yi jawabi. Mataimakinsa ya yi jawabi a kan jawabin mudir. Wakilin iyaye ya ce ba zai tsawaita ba, ya tsawaita. Aka shiga raba kyaututtuka, kuma a makarantar nan da alama ba yaron da bai yi fice a wani abu ba. Duk wannan lokacin rana tana ta ɗaure fatun. Ina kallon Malam cikin kakinsa da na goge da asuba, yana matsawa kaɗan-kaɗan. Sai can na gane abin da yake yi: tsayawa yake ta yadda inuwarsa za ta faɗa kan ƙaramar gangar nan mai jan baki.

Daga ƙarshe aka kira su. Yaran suka rataya ganguna, suka jeru. Malam ya tsaya gaba ya ba su baya, riƙe da doguwar sanda mai kan azurfa, ita ma daga ɗakin ta fito. Fili ya yi tsit. Wani daga jikin katanga ya kasa haƙuri ya ƙwala, "Yalla ya shabab, maza samari, ku nuna musu!" Sauran tsofaffin suka ɗauka da ihu. Na ga yaran sun miƙe wuya, kowa yana neman babansa da ido, kafaɗu suka ɗaga. Ko daga saman bene na san an manta da jarida.

Malam ya ɗaga sanda, ya riƙe ta a sama, ya sauke.

Ban san haka abin yake ba. Wallahi ban sani ba. Na zaci ƙara ce kawai za a yi, irin ta gidan biki. Abin da ya taso daga filin nan a ƙirji na ji shi kafin kunne, kamar ganga ɗaya ce ƙatuwa aka doka. Tattabarun unguwa suka tashi gaba ɗaya. Tagogi suka buɗe a benayen da ke kewaye. Na riƙe bakin katanga, hawaye suka zo mini ba shiri. Ga mijina can ƙasa, tsoho mai ciwon gwiwa, yana tafiya kamar ba shi ba, sanda tana hawa tana sauka, kuma bayansa abin da yake gaya mini shekara da shekaru yana biye da shi, kowa yana ji. Na ji kunyar duk dariyar da na taya mata yi. Na kuma ji alfahari irin wanda ban taɓa ji ba a zaman aurenmu.

Sun kai kusurwar farko lafiya. Suna juyawa na ji fat. Wata ganga a sahun baya ta tafi. Yaron ya dubi ramin, ya dubi na kusa da shi, ya ci gaba da kaɗawa. Kafin a yi taku kaɗan wata ta bi, sai biyu a tare. Kiɗan ya riƙa sirancewa. Malam bai waiga ba. Kunnensa yana gaya masa komai, na san yana jin kowace ɗaya da ta tafi har da sahun da take, amma wuyansa bai motsa ba. Mai jan bakin ta kai tsakiyar fili kafin ta yage. Babbar gangar ce ta rage ita kaɗai tana bum, bum, har kusurwa ta biyu, sannan sandar mai dukanta ta shige ciki, da ƙyar ya zaro ta.

Rabin filin ya rage. Ba wanda ya tsaya. Sanduna suna hawa suna sauka a kan yagaggun fatu, masu bigila riƙe da bigila a kugu, ba abin da ake ji sai takun takalma a kan siminti. Wannan kam sun iya shi, ba wanda ya kai su. Mutanen jikin katanga sun yi shiru, amma daga sama ina ganin hannuwansu suna motsi a gefen cinya. Yaya ya fara tafi shi kaɗai, ya ga ba wanda ya taya shi, ya bari.

Suka zagayo har gaban rumfa. Malam ya ɗaga sanda, ƙafafu suka tsaya cak. Ya sara wa mudir. Sai a lokacin aka tafa, tafi mai yawa, ko da yake na lura wasu iyayen suna kallon juna, ba su tabbata ko haka aka tsara ba.

Mai tambayar faci ta juyo ta ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan."

Ta buɗe baki za ta ƙara wata magana, ta dubi fuskata, ta rufe.

Na riga shi isa gida. Na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka da man shanun da ya rage, ina ta shirya abin da zan ce masa. Ban iya ba da haƙuri ba, duk wanda ya san ni ya sani. In na ce "sannu" sai ta fito kamar faɗa. Kuma tsoro nake ji. Mutum ya jira abu tun yana da baƙin gashi, aka ba shi, bai kai tsawon suyar ƙwai ba ya ƙare a gaban duk unguwa. Ban san da wace fuska zai shigo ba.

Ya shigo bayan azahar, ya yi sallama, ya jingine sandar a bayan ƙofa. Ya wanke hannu ya zauna. Na zuba masa. Ya ci loma, ya ci wata, bai dube ni ba. Duk maganganun da na shirya suka gudu, na zauna ina gyara murfin kwano da ba abin da ya same shi.

Can ya ce, "Kin hau saman?"

"Na hau."

"Kin ji?"

"Na ji, Malam."

"Tun daga bugun farko?"

"Tun daga bugun farko. Har tattabaru sai da suka tashi."

Ya kaɗa kai, tattabaru ba su dame shi ba. Ya ajiye lomar da ke hannunsa, sai yanzu ya ɗago ya dube ni. Idonsa ya yi ja, amma ba irin jan da nake tsoro ba.

"Kin lura ba wanda ya riga wani?" in ji shi. "Ba su taɓa jin junansu ba, ko sau ɗaya. Amma tare suka shiga. Dukkansu."

Na ce na lura.

Ya miƙo mini kwano in ƙara masa miya, na riƙe kwanon ta ɗaya gefen na zuba.